Kansar hanta: a yanke inda ya kamu ko a yi dashe gaba ɗaya?

Tun da muka dawo daga jinyar yayana a Indiya mutane ke ta kirana, wasu ma ban san inda suka samo lambata ba, kuma tambayar dai kusan ɗaya ce: an ga ƙari a hantar ɗan'uwanmu, wannan likita ya ce a yanke, wancan ya ce sai dashe, wanne za mu bi? Na gaji da maimaita amsa a waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona a wata uku da muka yi a can, da abin da likitocin tiyatar suka yi ta zana mana a bayan takarda har ya zauna min.

Ayyukan biyu ne. Na farko a buɗe ciki a yanke ɓangaren hantar da ƙarin yake, haɗe da ɗan lafiyayyen nama da ke zagaye da shi, a bar sauran. Hanta wajen kilo ɗaya da rabi take a jikin babban mutum, likitoci sun kasa ta gida takwas, kowane gida da jijiyarsa ta jini da bututunsa na ruwan maɗaci, shi ya sa ake iya cire gida biyu ko uku ko ma rabi ɗungurum, kuma cikin ikon Allah abin da ya rage yana sake girma cikin 'yan makonni. Na biyu a cire hantar duka a jefar, a ɗinka wata a gurbinta, ko ta mamaci ko wani yanki na ta mai rai.

Mu da za mu tafi, a ranmu dashe za mu je yi. An sayar da fili, an yi karo-karo a dangi, kowa na cewa tunda za a kashe kuɗi gara a yi mai dungurungum a huta, ai mai tsadar shi ne mai kyau. Da muka shiga wajen likitan sai na ga ƙarin ma bai wani daɗe yana kallonsa ba, santimita 4 ne guda ɗaya a ɓangaren dama, ya wuce. Abin da ya tsaya a kai shi ne sauran hantar. Cikinsa ya taɓa tara ruwa? Ya taɓa aman jini? Ido ya taɓa yin shawara? Yana yin barci da rana ya kasa da dare, ko ya riƙa ruɗewa yana manta abu? Yaya ya juyo ya ce min, "Kai ƙane, mutumin nan ya san abin da ya kawo mu kuwa?" Ashe nan ne maganar take.

Ka ɗauki tsohon ginin ƙasa da damina ta sha jiƙawa. In gara ta ci ɗaki ɗaya kuma sauran katangar da ƙwarinta, rushe ɗakin za ka yi ka ci gaba da zama. In kuwa ginin duk ya ruɓe, ranar da ka sa diga a ɗaki ɗaya ranar gidan zai zubo maka a ka. Yawancin masu kansar hanta a wajenmu hefataitis B ne ya daɗe yana cin hantar tun suna yara, ya bar ta da tabo ta motse ta yi tauri, abin da likitoci ke cewa sirosis, ga kuma dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi yana ƙara zuba wa wutar fetur. To ciwo biyu ne a jiki ɗaya, ƙarin da kuma hantar da ta haife shi. Yanka na farkon kaɗai yake cirewa. Dashe yana kwashe duka biyun.

Suna da ma'auni da suke kira Child-Pugh, abu biyar ake haɗawa: yawan shawara a jini, sinadarin albumin, saurin daskarewar jini, ruwa a ciki, da ruɗewar kai. A fitar maka da A ko B ko C. Mai A shi ne ɗan takarar yanka, shi ma da sharaɗin jini bai fara taruwa a bayan hantar ba, wato saifa ba ta kumbura ba, ƙwayoyin filatilet, waɗanda ke taimaka wa jini daskarewa, ba su faɗo ƙasa da 100,000 ba, kuma in an zura kyamara ta baki ba a ga jijiyoyi sun kumbura a maƙoshi ba. Sannan su auna da kwamfuta nawa zai rage bayan yankan. Lafiyayyar hanta in an bar kashi 25 cikin 100 tana iya riƙe mutum, amma mai sirosis sai an bar masa wajen kashi 40. Yaya ya fito A, filatilet ɗinsa lafiya, maƙoshi tas. Likitan ya ce shi yanka zai yi, kuɗin dashen mu riƙe abinmu.

Sakamakon yanka ga shi ba ɓoye-ɓoye. A manyan cibiyoyin da suka saba da aikin, waɗanda ke rasa rai a sanadin tiyatar ba su kai 5 cikin 100 ba. Waɗanda aka zaɓa da kyau, tsakanin rabi zuwa kashi 70 suna kaiwa shekara biyar. Amma inda gizo ke saƙar shi ne dawowar ciwon: cikin shekara biyar har kashi 70 ƙari na iya sake fitowa, ko dai 'ya'yan na farkon ne da suka riga suka ɓuya ba a gani ba, waɗannan yawanci cikin shekara biyun farko suke bayyana, ko kuma sabo ne fil da tsohuwar hantar ta sake haifa. Wannan adadin shi ya hana ni barci ranar da na ji shi.

Matsalar da muka gamu da ita yoyon maɗaci ne. Bayan aiki akwai wata roba da ake bari a gefen ciki tana zubo ruwa cikin 'yar jaka, kwana biyun farko ruwan jaja-jaja ne kamar na wankin nama, nas ta zo ta auna ta rubuta. Rana ta huɗu da asuba na duba na ga ya koma ruwan ɗorawa mai duhu yana ɗaukar kore-kore, ga zazzaɓi ya taso, Yaya ya ƙi ko shayi. Ashe wani ɗan ƙaramin bututu ne a fuskar inda aka yanka yake ɗiga. Ba a sake buɗe shi ba, robar aka bari ta ƙara kusan sati uku da allurai na kashe ƙwayoyin cuta har ya toshe da kansa, an ce da ya ƙi sai a bi ta baki da na'ura a sa ɗan bututu a buɗe hanya. Sauran abubuwan da ake gani akwai zubar jini, ruwa ya taru a ƙasan huhun dama mutum ya riƙa haki, ciki ya tara ruwa na ɗan lokaci, ciwon ya yi ruwa. Wanda likitocin suka fi tsoro dai shi ne ragowar hantar ta gaza, ido ya yi ta ƙara rawaya, jini ya ƙi daskarewa, mutum ya fara sambatu, wannan kam in ya yi tsanani ba wani injin da zai riƙe ka kamar yadda ake wankin ƙoda. Duk awon nan da suke yi kafin aiki don gudun wannan ne.

Dashe kuma a gadon da ke kusa da namu na gan shi. Wani dattijo ne ɗan Sudan, ƙarinsa bai ma kai na Yaya ba, bai cika santimita 3 ba, amma cikinsa kamar tulu saboda ruwa, ya taɓa aman jini sau biyu. Shi ko kusa ba a yi maganar yanka ba. Ɗansa ne ya ba shi yankin hantarsa.

Dashen hanta ba yau aka fara ba, Thomas Starzl ya fara gwadawa a Denver ta Amurka a 1963, sai 1967 aka samu wanda ya ɗan daɗe. Da farko duk mai babban ƙari da ba ya yankuwa shi ake wa, sai kansar ta riƙa dawowa da sauri ana asarar hanta da rai. A 1996 wani likita a birnin Milan na Italiya, Vincenzo Mazzaferro, ya fitar da ƙa'idar da har gobe ake bi: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma har guda uku kowanne bai wuce santimita 3 ba, bai shiga manyan jijiyoyin jini ba, bai fita wajen hanta ba. Wanda ya cika wannan, wajen kashi 70 zuwa 75 suna kaiwa shekara biyar, kuma dawowar kansar ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Ka ajiye 15 kusa da 70 ɗin yanka ka ga dalilin da ya sa kowa ke kwaɗayin dashe. Wasu cibiyoyin suna ɗan faɗaɗa ƙa'idar, wasu kuma su fara ƙanƙantar da ƙarin da magani ta jijiya har ya shigo layi. Suna kuma kallon gwajin jinin nan AFP, wani sinadari da kansar hanta kan ɗaga, in ya haura 1,000 jikinsu yana sanyi ko da ƙarin ƙarami ne.

To amma hantar daga ina? Baƙo da ya zo Indiya daga Najeriya ko Nijar kar ma ya sa ran ta mamaci, 'yan ƙasa ke gaba a layi, a Masar ma kusan duk dashen da ake yi daga mai rai ne. Kai za ka zo da naka. Dokar Indiya ta 1994 ta hana saye da sayarwa, sai ka kawo takardun da ke nuna dangantaka, ofishin jakadanci ya sa hannu, a yi gwajin jini na dangantaka in ta kama, sannan a zaunar da mai bayarwar gaban kwamiti shi kaɗai a tambaye shi ko tilasta masa aka yi. Mu ma dokar lafiyarmu ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, kuma kowa ya ga yadda ta ƙare wa wani sanatan Najeriya da kotun Landan ta ɗaure a 2023 kan yunƙurin sayen ƙoda, don haka duk dillalin da ya ce zai samo maka "ɗan'uwa" ka gudu.

Nan ne kuma gidajenmu ke shiga tsaka mai wuya, abin da ban taɓa tunani ba sai da aka gwada mu. Hefataitis B a wajenmu yawanci daga uwa ake ɗauka wajen haihuwa ko tsakanin yara a gida ɗaya, to 'yan'uwan da jininsu zai fi dacewa su ne kuma ciwon ya fi kamawa. Mu biyar aka gwada 'yan ɗaki ɗaya, uku muna da shi, har da ni. Wanda ya tsira kuma sai rukunin jininsa ya dace, sai hantarsa ba kitse, sai girmanta ya isa a raba, domin babban mutum yawanci ɓangaren dama ake ba shi, wajen kashi 60 na hantar mai bayarwa, shi kuma dole a bar masa aƙalla kashi 30. Lafiyayyen mutum ne fa za a kwantar a tsaga. Mutuwar mai bayarwa ba ta da yawa, 'yan ƙalilan ne cikin dubu, amma tana faruwa, kuma ƙananan matsaloli irin su yoyon maɗaci da ciwo ya yi ruwa da kaba a wajen ɗinki ana samu a kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu. Abin da ya fi ɓata min rai a zaman da na yi shi ne yadda sau da yawa mace ake turowa gaba, matar aure ko 'yar autar gida da ba ta iya cewa a'a, maza kuma kowa ya ce yana da iyali.

Shi wanda aka dasa wa, satin farko ido ake zuba wa jijiyar da ke kai wa hanta jini, siririya ce, kullum sai an ɗora na'urar sikanin an saurari bugunta, don in ta toshe, wanda ke faruwa ga 'yan kaɗan cikin 100 na manya, sabuwar hantar na iya mutuwa a koma neman wata cikin gaggawa. Sai jiki ya ƙi baƙuwar, wannan sunansa ne ke da ban tsoro amma yawanci ƙara magani ake yi ya lafa. Wanda ya fi addabar mutane a hankali shi ne bututun maɗaci, inda aka haɗa ɗinkin ya tsuke ko ya yi yoyo, ana samunsa a kashi 10 zuwa 30, kuma ya fi yawa a dashen mai rai saboda bututun ƙanana ne. Dattijon nan wata biyu da aiki ido ya sake yin rawaya, jiki na ƙaiƙayi har yana susa da cokali, aka bi ta baki aka sa masa ɗan bututun roba aka ce duk bayan wata uku sai an canza. Ɗan nasa, shi ma da ɗinkinsa a ciki, ya dube ni ya ce tikitinsu na komawa ya ƙone sau biyu kenan.

Sai magani, wanda shi ne auren da ba saki. Tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki, safe da yamma, awa 12 tsakani, har ƙarshen rai. In ya yi kaɗan jiki ya far wa hantar, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda, ya kawo suga da hawan jini, hannu ya riƙa rawa, na ga dattijon yana riƙe kofin shayi da hannu biyu. Shi ya sa ake auna yawansa a jini, kuma jinin sai an ɗiba da safe kafin a sha na safen, in ka sha ka je awon ya tashi a banza. Garkuwar jiki an danne ta, to tarin fuka da ke kwance na iya tashi, ga wani rikicin kuma, rifampicin da ke cikin maganin tibi yana cinye tacrolimus a jini, in likitan da ya rubuta bai san kana da dashe ba sai hantar ta tafi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa an yi sallama da su. Mai hefataitis B zai ci gaba da tenofovir ko entecavir don kar ƙwayar ta kama sabuwar.

Yanzu ka dawo da mutanen nan biyu gida, a nan ne ni a ganina ya kamata a yi rabin shawarar. Wanda aka yanka, abin da yake buƙata tenofovir ɗinsa kullum, gwajin AFP da hoton CT ko MRI duk wata uku zuwa huɗu a shekara biyun farko, daga nan duk wata shida, waɗannan ana samu a Kano da Kaduna da Abuja. Wanda aka dasa wa yana buƙatar inda za a auna masa tacrolimus a samu sakamako da wuri, da kantin da maganin ba ya yankewa kuma ba jabu ba, da likitan da zai iya shiga bututun maɗaci ta baki in ya tsuke, da kuɗin duk wannan wata bayan wata komai tashin dala. Asibitin koyarwa na Aminu Kano ya daɗe yana dashen ƙoda, tun 2002, don haka akwai likitocin da suka san magungunan nan, wannan abin a jingina da shi ne, amma fa sai ka je ka haɗa hannu da su tun kafin ka hau jirgi. Mutane suna tara dubun-dubatar dalolin tiyata su manta da na shekara goma masu zuwa.

Don haka in ka tambaye ni. Hanta da ƙwarinta, Child A, ba kumburin saifa, ƙari ɗaya ko da ya ɗan yi girma: yanka, ba tare da dogon tunani ba. Ba ka taɓa lafiyar kowa ba, ba ka ɗaure kanka da maganin danne garkuwa ba, kuɗin bai kama ƙafar na dashe ba, kuma ana yi da wuri ba sai an jira takardun kwamiti ba. In ƙarin ya dawo yana ƙarami akan iya sake yanka ko a ƙona ko a yi dashen a lokacin, duk da dai ba kowa ne ke samun wannan damar ta biyu ba, wani in ya dawo da yawa yake dawowa. Hanta ta riga ta gaji, ruwa a ciki, shawara, aman jini, ƙarin kuma yana cikin ƙa'idar Milan: dashe ne kaɗai ke da ma'ana, duk wanda ya ce zai yanka wannan ka nemi ra'ayi na biyu. Masu wuyar su ne na tsakiya, Child A da ƙari biyu ko uku ƙanana, a takarda dashe ya fi ba su tsawon rai, amma ni sai na ga mai bayarwa da ya yarda don kansa da hanyar magani a gida kafin in ce a yi.

Akwai kuma hanya ta uku da ba a cika faɗa wa mutane ba. Ƙarin da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba ana iya soka masa allura ta fata a ƙona shi da zafi, ba buɗe ciki, kwana ɗaya ko biyu a sallame ka, kuma a kan ƙanana sosai sakamakonsa yana gogayya da na yanka. Wanda kuma kansarsa daga hanji ta taso ta tsallako hanta, lissafinsa daban ne, hantarsa yawanci lafiyayya ce, yanka tare da kemo shi ne hanyar da aka sani, dashe a irin wannan sai a 'yan cibiyoyi ga mutane ƙalilan.

Abu mai ɗaci shi ne mafi yawan masu kirana ba sa cikin ko ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan masu kansar hanta a Afirka ya nuna a ƙasashen da ba Masar ba, har da Najeriya, matsakaicin shekarun masu ciwon 46 ne, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi bayan an gano, saboda sai ciki ya kumbura mutum ya rame ake zuwa asibiti. In ƙarin ya shiga babbar jijiya ko ya kai huhu ko ƙashi, dashe ba zai yi ba, sai magungunan rage masa gudu irin su sorafenib ko haɗin atezolizumab da bevacizumab, da maganin ciwo mai kyau. Na ga iyalin da suka sayar da gida suka zo aka mayar da su cikin sati ɗaya, kuma hoton da suka zo da shi tun daga gida ya riga ya nuna haka, ejan ɗin da ya haɗa musu tafiyar ne dai bai ga dalilin faɗa musu ba.

Kafin ka nemi biza, tura wa likitan tiyatar da kansa ainihin hoton CT ko MRI da aka yi da allurar rini, wanda ke kan faifai, rahoton takarda kaɗai ba ya isa, haɗe da gwajin aikin hanta da filatilet da daskarewar jini da AFP da yawan ƙwayar hefataitis a jini. Ka tambaye shi aiki irin wannan nawa suke yi a shekara, kuma in matsala ta taso bayan an sallame ku kuɗin yana cikin wanda aka faɗa ko sabon lissafi ne, mu sati ukun nan na yoyon maɗaci daga aljihu muka biya. Yaya yanzu wata goma sha huɗu da aiki, hoto huɗu duk ba a ga komai ba, na biyar wata mai zuwa. Mu ukun da aka samu da ƙwayar kuma duk wata shida muke zuwa sikanin da AFP, ni nawa ranar Litinin ne.